Likita ya hana maigida yis: giya kawai ake nufi, ko har da kunun zaki da fura?

Maman_Haidar
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min. Maigidana ya fi shekara yana fama da borin jini, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ga kumburin ciki bayan cin abinci. Makon jiya likita ya ce ya gwada barin duk abin da ke da yis har sati shida a gani, ya haɗo shi da wata takarda da Turanci. Da ƙanena ya karanta mana sai muka ga rabin takardar zancen giya ne, biya da wayin da wasu sunaye da ko ji ban taɓa yi ba. Wannan kam bai shafe mu ba, alhamdulillahi. Burodi da fanke da masa na gane, na daina. Abin da ya ɗaure min kai shi ne maƙwabciyata ta ce kunun zaki idan ya kwana, yis ɗin da ke cikin giya shi ne ke cikinsa, wai har nono ma. To mutumin da ba ya iya barci bai sha fura ba, ga wannan zafi, me zan ba shi?

Dan_Kanwuri
Wa alaikumus salam Hajiya. In an hana Basakkwace hura ai an hana shi rayuwa. Likitan ga ɗan ina na?

Ummu_Salma
Allah Ya ba shi lafiya. Ni ma an taɓa hana ni yis saboda sanyi, burodi kawai na bari, kunu kam ban fasa ba.

Ticha_Bello
Maman Haidar, maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya amma rabi. Yis halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, dangin fumfuna da naman kaza. Aikinta ɗaya ne: ta ci suga, ta fitar da iska da barasa. Wanda mai burodi ke zubawa da wanda masu giya suka fi amfani da shi jinsi ɗaya ne, Saccharomyces cerevisiae. Mai burodi iskar yake so don ƙullu ya tashi, barasar ta bi zafin wuta ta fice. Mai giya kuwa barasar yake so. Shi ya sa takardar ta jera su wuri ɗaya.

Kunun zaki da nono kuwa, waɗanda suka fi yin aiki a cikinsu bakteriya ne masu sa tsami, irin na yogot, ba yis ba. Amma akwai yis na daji a jikin gero da dawa, a jikin ƙwarya, har a iska, kuma yana shiga. Da farko kaɗan ne. Idan kunu ya daɗe a zafi, ga suga, sai ya hayayyafa. Kin taɓa ganin gorar kunu ta kumbura, ana buɗewa ta ce fiss, kumfa ta taso? To yawanci aikinsa ne.

Maman_Haidar
Wallahi Malam ina gani kullum in an ɗauke wuta. Ke nan wanda aka yi yau da safe babu laifi?

Ticha_Bello
Ba zan ce babu ko ƙwaya ɗaya ba, tunda shi ma sai ya kwana kafin a tace. Amma bai kama ƙafar burodi ko fanke ba, inda cokali-cokali ake zubawa da gangan.

AbuMaryam_Gwadabawa
Innalillahi. Yanzu kuna nufin shekara da shekaru giya muka sha da sunan kunu? Ku ji tsoron Allah da irin wagga magana.

Ustaz_Nura
Malam Abu Maryam, a kwantar da hankali, ba haka Ticha ya ce ba. Abin da shari'a ta rataya hukunci a kai shi ne sa maye. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne, wannan hadisi sananne ne. Kunun zaki sabo ko tulu guda ka shanye cikinka ne zai cika, ba za ka bugu ba. Kuma ya tabbata ana jiƙa wa Annabi (SAW) dabino ko zabibi a ruwa yana sha, har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya rage ba ya ajiye shi ya wuce haka. Ka ga tun wancan lokaci an san abin zaƙi idan ya daɗe a jiƙe yana juyawa. Yis shi kansa ba najasa ba ne, da burodi ma bai halatta ba. Idan dai kunu ya yi kumfa, warinsa ya canza, ɗanɗano ya yi kaifi, a zubar.

AbuMaryam_Gwadabawa
To na ji, Allah Shi saka. Amma a riƙa tauna magana.

MaiBurodi_Arkilla
Ni tambayata ga masana. Shekarata goma sha ɗaya gaban tanda. Mun sani in ka kwaɓa yis da ruwan da yay yi zahi da yawa, ƙullu ba shi tashi, ya mutu ke nan. To burodin da yat tahi cikin wuta yag gasu, wane yis yar rage ciki da za a ce ma mutum kar shi ci? Ku dai kuna son kashe muna kasuwa.

Sista_Rabi
Mai burodi, ba kasuwarka ake hari ba. Gaskiya ne yis yana mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 60, cikin burodi kuwa yana haura 90. Amma mutuwa daban, ɓacewa daban. Gawarsa tana nan cikin burodin. Wanda jikinsa ba ya shiri da furotin ɗin yis, to furotin ɗin yake wa bori, ko da rai ko babu. Kamar mai alajin gyaɗa ne, soya ta ba ya hana shi kumbura.

Maman Haidar, ni abin da nake so ki fara yi shi ne ki koma ki tambayi likitan dalilin hanin. Don ana hana yis saboda dalilai daban-daban kuma kowanne da nasa jerin. Mai alaji, mataccen yis ma matsala ne. Mai ciwon gaɓɓai na yurik asid, abin da aka fi tsoro gare shi biya da tataccen yis da kayan ciki. Akwai kuma wasu magunguna, irin wasu tsofaffin magungunan ciwon damuwa, da ba sa haɗuwa da abin da ya tsimu sosai, hawan jini yake tasowa. Takardar da aka ba ku da alama daga waje aka kwafo ta, shi ya sa ba ta san fura ba.

Hajiya_Inno
Ɗiyata, hura ba ta da laihi, gero na anka dahwa anka kirɓa. In akwai magana ga nono taka. Ki samu madarar shanu sabuwa ki tahwasa ta huce ki dama mai da ita. Haka munka yi ma tsohonmu da ciki yad dame shi.

Sista_Rabi
Shawarar Inna ta yi. Ko yogot na kamfani marar suga, shi da bakteriya iri biyu ake haɗa shi, ba a zuba yis. Nonon ƙwarya ne ba a san abin da ya shiga ba, tunda ragowar na jiya ake zubawa a na yau, ga ƙwaryar kanta.

Dan_Kanwuri
Hura da yogot? Allah Shi kyauta. Wannan ai hurar 'yan Abuja ta.

Ishaya_Zuru
Ku yi haƙuri in sa baki, na san yawancinku wannan ɓangaren bai shafe ku ba, amma ni Kirista ne kuma tambayar ta taɓa ni. Kawuna a gida an ce masa ya bar yis saboda fatarsa, sai ya bar burodi amma bai bar burkutu ba, wai shi dawa ce kawai. Daga baya wani ya ce masa ya koma giyar kwalba, ita ba ta da yis. Wane ne mai gaskiya? Tunda ga masana a nan.

AbuMaryam_Gwadabawa
Yanzu kuma zauren ga ya koma wurin zaɓen giya?

Admin_Sadiya
Malam Abu Maryam, tambayar lafiya ya yi kuma cikin ladabi. Zauren na kowa ne. A amsa masa, ba talla ake yi ba.

Ticha_Bello
Ishaya, kawunka ya bar jaki yana dukan taiki. A duk abin da aka lissafa babu mai yis mai rai kamar burkutu. Ba a tace shi tas, ba a dafa shi bayan ya tsimu, ana sha ne yis yana tsaka da aiki, shi ya sa yake da kauri yana ta tsattsafo da kumfa a ƙwarya. Masu yi ma ragowar gindin tukunyar baya suke zubawa a sabo don ya tashi. Pito da bammi duk layi ɗaya ne, bammi ma daga bishiya yake fara tsimuwa.

Giyar kwalba ta kamfani yawanci ana tace ta, a kuma ɗumama ta cikin kwalba don a kashe abin da ya rage, dabarar da aka sa wa sunan Louis Pasteur, Bafaranshen da ya nuna tun wajen 1857 cewa halittu masu rai ne ke tsimar da abu. Ƙwayoyin sun ragu ƙwarai, amma ɓurɓushin furotin ɗin bai ƙare ba. Akwai ma wadda ake barin yis ɗin da gangan, irin giyar alkama ta Jamus mai gurɓi-gurɓi kamar ruwan tsari. Wayin ma ana tace shi, shi ma dai da yis aka yi shi.

Wanda za a ce babu yis a ciki shi ne wanda aka kama daga tururi, irin ogogoro da jin da wiski. Barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100, don haka ita ke fara tashi, a tara ta a wani mazubi, yis ɗin ya zauna a gindin tukunya. Amma kar ka je ka ce masa malamin kimiyya ya ce ya koma ogogoro. Ƙarfinta ya ninka na burkutu sau da yawa, hanta take ci.

Famasis_Umar
In ƙara kan na Ticha. Barasa ita kanta tana buɗe jijiyoyin jini na fata, tana tsananta ƙaiƙayi da borin jini ga mutane da yawa, ko da yis ko babu. Giya da wayin kuma suna da histamin, sinadarin da ke sa ƙaiƙayin. Sau da yawa wanda ya ce giya na tayar masa da alaji ba yis ba ne, ko histamin ne, ko salfait da ake sa wa wayin don kar ya lalace, ko sha'ir da alkama. Kuma Ishaya, in kawun yana shan Flagyl ko maganin alaji mai sa barci, kar ya kusanci ko ɗaya. Wanda ya fi masa sauƙi ya ajiye duka har a gano abin.

Ishaya_Zuru
Na gode ƙwarai. Zan kira shi, ko da yake na san abin da zai ce, wai kakansa ya sha har ya tsufa.

Zee_Mabera
To ni maltina fa? A gidanmu an daɗe ana gardama, babana ba ya sha wai ƙanwar giya ce tunda kamfani ɗaya ke yi.

Ticha_Bello
Zee, farkon hanyarsu ɗaya ce: a jiƙa hatsi ya tsiro, a busar, a niƙa, a dafa a samu ruwa mai zaƙi. Daga nan suke rabuwa. Na giya a zuba masa yis ya cinye sugan. Na malt ba a tsimar da shi, shi ya sa zaƙinsa yake nan. Lemun kwalba ma iskar da ke ciki da inji ake ɗura ta. Inda za a lura shi ne kwalaben da ake rubuta wa babu barasa, irin na wajen biki. Wasu ruwan inabi ne da iska kawai, wasu kuwa sai da aka yi su giya sosai sannan aka cire barasar. Na biyun sun ga yis.

Zee_Mabera
Yau zan kai wa Baba wannan. Ko da yake mai ciwon suga ne, gara ma ya ci gaba da ƙin ta.

Aunty_Kulu_Kitchen
Mu dawo kan Maman Haidar, kun bar baiwar Allah da mijinta da yunwa. 'Yar uwa ga abin da na sani a kicin. Masu yis: burodi, fanke, masa, sinasir, funkaso, alkubus, gurasa, donot. Marasa shi: tuwo kowane iri, ɗanwake, ƙosai, alala, dambu, shinkafa, taliya, doya, dankali. Cincin da kek bekin fauda ake sa musu, ita kuma hoda ce kawai, ba ta da rai. Abin sha kuwa ki koma kunun gyaɗa, kunun tsamiya da kunun kanwa, a dama a sha da zafinsa. Tsamin kunun tsamiya na tsamiya ne, ba na kwana ba. Zoɓo ki dafa na yini ɗaya, kar ki yi na kwana uku ki dogara da firij, kin san halin wutarmu. Kunun aya shi ya fi kowa saurin juyawa, a watan Afrilu kafin la'asar ya fara.

Hajiya_Inno
Mu da can ba mu san wani yis na leda ba. Ƙullun masa kwana shika yi shi tashi da kainai, da sahe a sa ruwan kanwa a kashe tsamin. Ko wannan ma an hana?

Ticha_Bello
Inna, wanda ya tashi da kansa ma yis ne ya tashe shi, na daji, tare da masu sa tsami. Ba a saya ba ne kawai. Na leda da kuke gani an ware shi ne an raine shi a masana'anta. A 1883 wani masani, Emil Hansen, ya fara ware tsantsar iri ɗaya a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg a Denmak.

Hajiya_Inno
Ikon Allah. Ashe muna kiwon abu ba mu sani ba.

Famasis_Umar
Akwai ɓoyayyen wuri da ba a ambata ba. Wasu sinadaran ɗanɗano na miya, da garin da ke cikin ledar taliyar yara, ana sa musu tataccen yis don ƙarin daɗi. Ba duka ba, sai an duba bayan kwali. Haka wasu ƙwayoyin bitamin B, da maganin gudawa na leda mai ɗauke da yis mai rai. Ruwan khal ma daga barasa yake samuwa, yis ya fara aiki sannan bakteriya su mai da shi tsami. Fari tas ɗin ba shi da komai, amma na tuffa mai gurɓi-gurɓi a ƙasa da mata ke sha don rage ƙiba, ba a tace shi ba.

Maman_Haidar
Kai jama'a. To daddawa fa? Kar ku ce min ita ma.

Ticha_Bello
Daddawa ta tsira. Bakteriya ne ke yin ta, Bacillus, shi ya sa warinta daban, ba tsami take ba. Ki zuba abinki.

Ummu_Salma
Sista Rabi, ni da aka ce na bar yis saboda sanyi fa? Mai maganin da na je wajenta ta ce burodi ne ke ciyar da cutar.

Sista_Rabi
Ummu Salma, wannan maganar ta yaɗu amma ba ta da ƙafa. Mai kawo ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri sunansa Candida, yis ne shi ma amma wani jinsi daban, kuma dama yana zaune a jikin mutum. Abin da ke sa ya yi yawa: shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, ciwon suga da ba a kula da shi ba, juna biyu, raunin garkuwar jiki. Yis ɗin burodi ba ya rikiɗa ya zama shi. In yana yawan dawo miki ki je a auna sugan jininki, a kuma ɗauki ruwan a duba, don ba kowane sanyi ne Candida ba.

Tunda mun shigo nan, bari in taɓo inda ba a so. Tsimin da muke haɗawa da dabino da rake da mazarƙwaila a toshe a jarka a ajiye kwana da kwanaki, me kuke zaton yana faruwa a ciki?

Zee_Mabera
Sista don Allah a bar tone-tone, akwai maza a nan.

Aunty_Kulu_Kitchen
Gaskiya ta faɗa. Na taɓa ajiye wani a kan kabad, da dare muka ji kamar an harba bindiga, murfin ya tashi har silin. Tun ranar nake yin kaɗan.

Ustaz_Nura
Hukuncin da na faɗa a kan kunu shi ne a kan wannan ma. Canza masa suna ba ya canza komai idan ya kai ga bugarwa.

Dr_Mansur
Na iso a makare. Yawancin abin da aka faɗa daidai ne, sai gyara biyu. Na ɗaya, alajin yis na gaske yana da wuyar samu. Borin jini da ya wuce sati shida, a mafi yawan mutane ba abinci ne ke kawo shi ba, garkuwar jiki ce ke tayar da shi da kanta, kuma zafi, gumi, matsattsun kaya da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da asfirin suna tsananta shi. Maman Haidar, in maigidan yana yawan shan irin waɗannan, a gaya wa likitansa. Kumburin cikin kuma yana iya zama alkama ce ko madara, ba yis ba. In ya bar burodi ya ji sauƙi, ba a san wanne daga ciki ya taimaka ba, tunda alkama da yis tare suka fita.

Na biyu, gwajin sati shida ba ya da amfani sai an rubuta. Ku samu littafi, kullum abin da ya ci da yadda jiki ya kwana. Bayan wa'adin a dawo da abu ɗaya-ɗaya, da tazarar kwana biyu ko uku. Masa ta shinkafa za ta taimaka a nan, tana da yis amma ba alkama. Taliya kuma alkama ce ba yis. Amma in ya taɓa samun kumburin leɓe ko harshe, ko numfashi ya yi wuya, kar a gwada komai a gida, asibiti kai tsaye.

MaiBurodi_Arkilla
Yawwa Dakta. Kun ji ko, ba lalle burodi na ba.

Dr_Mansur
Ban wanke ka ba tukuna, Malam. Sai littafin ya yi magana.

Dan_Kanwuri
Ni dai har yanzu ban ji wanda yac ce hura da nonon Hillani ta taɓa kashe wani ba. Kakana shekara tamanin da wani abu, ita ta abincinai sahe da marece.

Ishaya_Zuru
Dan Kanwuri, kai da kawuna bakinku ɗaya, kowa da kakansa.

Maman_Haidar
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na rubuta na Anti Kulu da na Dakta. Dakta ka taɓo wani abu, kusan kullum sai ya sha maganin ciwon jiki in ya dawo daga kasuwa, ban taɓa kawo shi a raina ba. Ranar Litinin zan sa ya koma da takardar da kwalin maganin, in Allah Ya so. Yau da madara na dama masa furar, ya sha rabi ya ture wai ba ta da tsami. Anti Kulu, in na matsa lemun tsami a ciki madarar ba za ta tsinke ba?

Aunty_Kulu_Kitchen
Za ta tsinke. Ki gwada yogot ɗin gobe, ki ƙara citta da kanumfari a furar, kar ki gaya masa sai ya shanye.